Kafin ka ɗauki selfi a duwatsun Rurum, duba ƙarƙashin ƙafarka

Idan kana cikin masu haɗa kuɗin mota bayan Sallah a tafi Tiga shan iska, ka san yadda tafiyar take. A tsaya a sayi rake a hanya, a biya ta Rurum a hau dutse, kowa ya ciro waya yana neman inda hoto zai fi fita, a ɗora a status, washegari a tashi da ciwon cinya. Ba laifi, ni ma na yi. Amma bari in tambaye ka, ke ma 'yar'uwa har da ke: a duk hawan dutsen da kuka taɓa yi, a nan ko a wani gari, kun taɓa cin karo da wani guntun turken siminti a can ƙololuwa, ko wata ƙusar ƙarfe da aka dasa a jikin dutse, da haruffa da lambobi a gefenta? In kun gani, me kuka ɗauke shi?

Wani zai ce ragowar gini ne da aka fasa yi. Wani zai ce Turawa ne suka binne wani abu. To, alamar safiyo ce. Akwai ƙasashen da neman irin wannan alama ya zama wasa, mutane na cin kwalliyar tafiya, su hau dutse takanas don su taɓa ta su ɗauki hoto. Ina ganin wasa ne da ya kamata mu ara, domin a wajenmu maganar ta taɓa gona, ta taɓa fuloti, ta taɓa gado.

Daga ina wasan ya samo asali?

Taurarin GPS da wayarka take amfani da su mallakar gwamnatin Amurka ne. Kafin shekarar 2000, da gangan ake dagula saƙon da farar hula suke samu daga gare su, har na'ura kan yi kuskuren da ya kai mita 100. A farkon watan Mayun 2000, zamanin Shugaba Bill Clinton, aka daina wannan dagulawar, kuskuren ya ragu kusan ninki goma a dare ɗaya. Ranar 3 ga Mayu, wani mutum mai suna Dave Ulmer a jihar Oregon ya ce bari ya gwada. Ya samu baƙin bokiti, ya zuba 'yan tarkace da littafin sa hannu, ya ɓoye a daji, sannan ya sa lambobin wurin a intanet ya ce mai iyawa ya nemo. Cikin 'yan kwanaki aka samu waɗanda suka gano shi.

Daga wannan bokitin aka haifi wasan da ake kira jiyokashin. Ka ɗauke shi a matsayin wasan ɓuya na manya: wani ya ɓoye abu, ya ba ka lambobin wuri, kai kuma ka bi wayarka har ka kai. Yau akwai irin waɗannan ma'ajiyoyi sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Sai wasu 'yan wasan suka lura cewa ai akwai abubuwan da tuni suke zaune a daji da kan duwatsu, da lambobinsu a rubuce tun kafin a haife su, wato alamun safiyo. A Birtaniya, hukumar zana taswirar ƙasar, Ordnance Survey, ta fara kafa irin waɗannan turaku a 1936, ta kafa kimanin 6,500 kafin aikin ya kammala a 1962. Tauraron ɗan'adam ya zo ya karɓe yawancin aikinsu, amma masu hawan dutse suka riƙe su. A 2016 wani mutum ya kammala ziyartar 6,190 da suka rage a tsaye, bayan ya shafe sama da shekara 10 yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ka ga wannan shi ne ƙalubale, ba na zuba wa kai ruwan ƙanƙara ba.

Me ya kai safiyo kan dutse?

Ka tuna darasin lissafin kusurwoyi na sakandare, wanda muka riƙa tambayar malam amfaninsa a rayuwa? Ga amfaninsa. Idan ka san tsawon gefe ɗaya na alwatika, kuma ka auna kusurwoyi biyu, za ka iya lissafa tsawon sauran gefunan ba tare da ka taka su ba. Da wannan dabarar aka auna ƙasashe. Safiyo zai auna wani miƙaƙƙen layi guda a fili da matuƙar kula. Daga bakin layin nan biyu sai ya saita na'urar auna kusurwa ya hango wani dutse mai nisa. Lissafi ya ba shi nisan dutsen. Ya hau wannan dutsen, ya hango na gaba. Haka za a yi ta ɗinka alwatika a jikin alwatika har a ratsa ƙasa.

Sharaɗin aikin ɗaya ne: dole daga wannan tsayin a hango wancan. Shi ya sa ake neman ƙololuwar dutse, kuma shi ya sa yanki mai duwatsu irin na Rano da Kibiya da Rurum ya fi shimfiɗaɗɗen fili daɗin wannan aiki. A kowane wurin da aka tsaya, sai a kafa turke ko a dasa ƙarfe a dutse, don wanda zai zo bayan shekara 50 ya ɗora na'urarsa daidai inda na farko ya ɗora. A tsofaffin taswirorin gwamnati, irin wannan wuri za ka gan shi da ɗan zanen alwatika mai ɗigo a tsakiya, da lambar tsayin wurin a gefe.

A Najeriya an fara wannan ɗinki tun zamanin mulkin mallaka, kuma duk lissafin yana komawa ga alama guda da ke Minna, mai lamba L40. Ita ce uwar ma'auni, shi ya sa masu sana'ar suke kiran tsarin da sunan Minna. Taswirorin da aka yi amfani da su wajen shata hanyoyi da dazuzzukan gwamnati da iyakokin ƙananan hukumomi a kanta suka dogara. Manyan ayyuka ma haka. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kafin a zuba kwandon ƙasa ɗaya, sai da aka auna aka san iya inda ruwan zai kwanta. Magudanan da suke kai ruwan nan gonakin Kadawa da Kura da Bunkure kuwa, ba famfo ke tura shi ba, gangara ce, kuma gangarar sai da aka auna ta taki-taki daga alamun da aka san tsayinsu. Shinkafa da tumatirin da kake ci daga yankin nan, akwai hannun safiyo a ciki.

To, ni me ya shafe ni?

Ga inda ya shafe ka. Bikon ɗin da ke kusurwar fulotin gidanku, in dai fili ne da aka yi wa awo na hukuma, ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana da salsala. An auno shi ne daga wata alama da ta girme shi, ita ma daga wata, har a dangana da kakarsu da ke kan wani dutse. Idan wani ya tumɓuke bikon ɗinku da daddare ya matsar, safiyo zai iya komawa ga manyan alamun ya dawo da shi mazauninsa. Filin awon igiya kuwa ba shi da wannan gatan. Shaidarsa dillali ne da mai unguwa da maƙwabta, in suka mutu ko suka canza magana, sai kotu.

A ƙauye ma ka san yadda iyakar gona take. Layin gamba ne, ko aguwa, ko wata kuka, ko wani dutse da kakanni suka yi shaida da shi. Gamba ana iya tuge ta, bishiya ana iya sare ta. Kowannenmu ya san gidan da 'yan'uwa ciki ɗaya suka daina gaisawa saboda kunya biyu ta gona. Kowa ya ji labarin burtalin da aka cinye da noma kaɗan-kaɗan, har ranar da shanu suka rasa hanya aka yi abin da ba a so. Ba banza ba addini ya tsananta a nan: hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya la'anci mai canza alamar iyakar ƙasa. Dokar ƙasa ma ta ɗauki lalata alamar safiyo a matsayin laifi.

Kuma maganar ta zo a kan gaɓa. Tun ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta shiga aikin sabunta takardun mallakar filaye ta hannun hukumar KANGIS, ana mayar da bayanan cikin kwamfuta. Abu ne mai kyau. Sai dai duk abin da aka shigar a kwamfuta, a ƙarshe dole ya dace da wani abu da yake dashe a ƙasa, wanda mutum zai iya nunawa da yatsa. Jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa, kuɗin fili kullum sama yake yi. Mu da muke 'yan shekara 20 da 30 yau, mu za mu gaji filayen, mu kuma za mu gaji rigimar da ke cikinsu.

Ai yanzu akwai GPS a waya

Na san wani zai faɗi haka a ƙasan wannan rubutu, kuma yana da 'yar gaskiya. Safiyon zamani ba ya bukatar hango dutse daga dutse. Tun 2008 ofishin Babban Safiyon Tarayya ya fara kafa tashoshin da suke karɓar saƙon taurari dare da rana, tsarin da ake kira NIGNET. Akwai ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai wata a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Da taimakon irinsu, na'urar safiyo kan ba da wuri da kuskuren da bai wuce 'yan santimita ba.

Amma ka riƙe abu biyu. Na farko, wayarka ba na'urar safiyo ba ce. A fili tsararo, ba rufi ba bishiya, kuskurenta kan kai mita 5. Fuloti mai ƙafa 50 kuwa faɗinsa kimanin mita 15 ne. Wato in ka ce da waya za ka raba iyaka, kana iya kyautar da sulusin filinka, ko ka cinye na maƙwabci kana rantsuwa kai ke da gaskiya.

Na biyu, tsofaffin takardu da taswirori da ma'aunin Minna aka rubuta su, waya kuma da ma'aunin duniya na GPS take magana. Wuri ɗaya ne, amma lambobin biyu kan bambanta da gomman mitoci. Kafin a fassara wannan zuwa wancan daidai, sai an samu wuraren da aka san lambarsu a tsohon ma'auni, a je a sake auna su da sabo. Tsofaffin turakun nan su ne tafintocin. Duk wanda ya ɓace, an rage mai fassara takardar kakanka.

Kuma suna ɓacewa. Mai jari-bola ya ga ƙarfe, ba ruwansa da lamba. Mai jin jita-jitar cewa Turawa sun binne zinare ko wani sinadari mai tsada a ƙarƙashi ya zo da diga ya farfasa, ya tarar da siminti da tsakuwa, ya koma gida da bororo a hannu. Masu fasa dutse suna cin tudu daga gefe. A faɗaɗa titi, a kafa turken sadarwa, a yi gini, alama ta tafi ba wanda ya rubuta. Ofishin da ke Abuja ko cikin birnin Kano ba shi da ƙafafun da zai zaga kowane dutse duk shekara. Mu kuwa muna da ƙafafu, muna da waya, kuma dama can muna hawa.

Yadda za a yi shi a nan

A ce matasan Rurum Sabon Gari su fara, su ƙalubalanci na Rurum Tsohon Gari, su kuma su miƙa wa na cikin garin Rano da na Kibiya. Ba ɓoye bokiti za mu yi ba. A halin da ake ciki, wanda aka gani yana tura ƙunshi a kogon dutse sai ya yi dogon bayani, in ma an tsaya sauraronsa. Namu nema ne kawai da rubutawa.

Kafin ku taka dutse, ku fara da gaisuwa. Ku je wajen mai unguwa ko dagaci, ku durƙusa ku ce, ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu. Ku sanar da 'yan sintiri. Wannan ba ladabi ba ne kawai, kariya ce. Zamanin da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, baƙuwar fuska a kan tudu tana ɗaukar hoton gari tana danna waya abin zargi ce, kuma ba za ka ga laifin mutanen gari ba. Ku tafi da ɗan gari, ku tafi a ƙungiya, ku sauko kafin la'asar ta yi sanyi. Inda aka ce muku kada ku shiga, kada ku shiga, ko makabarta ce, ko gonar wani, ko wajen da hukuma ke tsaro kamar jikin madatsar ruwa. Dajin da ake shakkar lafiyarsa kuma a bar shi, babu hoton da ya kai rai.

Sannan ku nemi tsofaffi. Wanda yake saurayi lokacin da ake gina Tiga yau ya haura 70. A cikin irinsu ake samun wanda ya ga masu awo da idonsa, ko ya ɗaukar musu kaya, ko ya riƙe musu sanda. Makiyaya da mafarauta su ma sun san kowane lungu na dutse fiye da kowace manhaja. Ka zauna ka ce, Baba, a ina ka taɓa ganin turken masu awo? In ya yarda, ka naɗi muryarsa. Wataƙila wannan hirar ta fi turken kansa daraja, don shi siminti yana iya jira, tsoho kuwa ba ya jira. Wanda yake karatu a jami'a ko kwaleji kuma ya leƙa sashen nazarin ƙasa ko na safiyo, ya roƙi a nuna masa tsohuwar taswirar yankin, ya nemi 'yan alwatikan nan masu ɗigo.

In kun samu alama, aikin ba shi da yawa. Hoto ɗaya na kusa yadda za a karanta rubutun jiki. Hoto ɗaya na nesa yadda za a gane wurin. A ajiye waya kusa da ita na ɗan lokaci har lambobin su daidaita, a rubuta su, da kwanan wata, da halin da aka same ta: lafiya lau, ta tsage, ko an tone ta. Kada a tona, kada a kankare, kada a yi mata fenti, kada wani ya rubuta sunansa da na budurwarsa a jiki. In taswira ta nuna akwai, kuka je kuka tarar babu, shi ma ku rubuta. Wurin masu sana'ar, sanin cewa alama ta ɓace labari ne mai amfani. Ba sai a ƙololuwar dutse kaɗai ba: a jikin gada da kwalbati da tsofaffin gine-ginen gwamnati ma akan samu alamun tsayi, don haka wanda ba ya iya hawa yana da nasa rabon.

Akwai wata matsala da sai mun yi wa kanmu gaskiya a kanta. In ka ɗora bidiyo a TikTok ka nuna turke da hanyar zuwa wurinsa, ba masu sha'awa kaɗai ke kallo ba, har da mai diga. Don haka a raba abin biyu. Hoto da labari da bayanin cewa babu komai a ciki sai siminti, wannan a watsa shi ko'ina, don shi ne maganin jita-jita. Cikakkun lambobin wuri kuwa a tara su a rajista guda, a kai kwafi ga dagaci, a kai ga sashen filaye na ƙaramar hukuma, a aika ofishin Babban Safiyon jiha. Alamar da mutanen gari suka san amfaninta, kuma suka san an ƙirga ta, ta fi wuyar sata.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, ciyawa ta bushe, dutse ya daina santsi, kafin hazo ya yi kauri. A sa takalmi mai rufi saboda maciji da kunama, a ɗauki ruwa, a cika caji. 'Yan mata ma su haɗa tasu tawagar da yardar gida. Rajista da taswira da tace hotuna ba aikin maza kaɗai ba ne, hawan ma haka.

Kada ka raina abin da wannan zai iya zama. A nan Kano an ga yadda taswira ta yi aiki lokacin yaƙi da shan inna, da aka riƙa amfani da hotunan tauraro da wayoyi masu GPS don gano ƙauyuka da rugagen da masu rigakafi ba sa kaiwa. Awon ƙasa da zana taswira a kwamfuta sana'a ce da ake ci da ita, akwai makarantar tarayya guda a garin Oyo da aka ware don ita, kuma jami'o'inmu na Arewa suna koyar da ita. Yaron da ya fara da neman turke don nishaɗi, ya koyi karanta lambobin wuri, ya koyi rubuta rahoto, ya riga ya sa ƙafa a bakin ƙofar.

Saboda haka ga ƙalubalen. Tafiya ta gaba da za ku yi Rurum, ko Kibiya, ko duk wani dutse da ke bayan garinku, bayan an gama selfi, ku ba ƙasa minti 10. Ku duba inda ya fi ko'ina tsayi, inda ake hango wasu duwatsun ta kowane ɓangare, don nan mai awo zai zaɓa. Wanda ya fara samu ya turo mana hoton rubutun da ke jiki, tare da sunan garin. Za mu ga tsakanin Rano da Kibiya wa zai riga wani.